Daga Kwandon Shara Zuwa Bangon Falo: Darasin Guntayen Takardar Zane

A ranar ƙarshe ta zangon karatun da ya gabata, bayan ɗalibai sun miƙa ayyukansu sun watse, na koma ɗakin zane na sashenmu domin in ɗauki tabarau ɗina da na manta a kan tebur. Na tarar da dattijon da ke share mana ɗakin ya tattara shara a kusurwa yana zubawa cikin kwando. Rabin abin da ke cikin kwandon guntayen takarda ne masu kauri, wasu kamar tafin hannu, wasu dogaye sirara kamar ganyen dawa, kowanne ya sha launi: shuɗi, ja, ɗorawa, kore, ruwan ƙasa. Ragowar aikin wata huɗu ke nan na ɗaliban da nake koya wa zane da fentin ruwa, wato launin nan da ake damawa da ruwa a shafa a takarda da buroshi.

Na ce masa, "Baba, dakata kaɗan." Ya dube ni ya ce, "Dakta, wani abu ka yar ne?" Na ce ban sani ba tukuna. Na tsuguna na shiga tona kwandon, shi kuwa ya tsaya riƙe da tsintsiya yana yi mini irin kallon da ake yi wa wanda boko ya fara taɓawa.

A cikin abin da na tsinto akwai wani guntu da bai kai tafin hannun yaro ba, an yago shi daga wani babban zane da ya lalace. A samansa shuɗi mai duhu ya gangaro ya haɗu da ruwan goro, a inda suka haɗu kuma ɗigon ruwa ya faɗa kafin launin ya bushe, ya tura shi gefe ya bar wani baki mai lanƙwashe-lanƙwashe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari da la'asar sakaliya a tsakiyar damina, ya ga hadari ya taso daga gabas, zai gane abin da na gani. Na kai shi gida, na daidaita gefunansa da reza, na ɗora shi a tsakiyar farin kwali, na ba wani kafinta ya yi masa ɗan firam da gilashi. Da na rataye shi a ofis, ba a yi mako guda ba wani abokin aikina ya tambaye ni a wace baje-kolin na saye shi. Tambayar nan tasa ce ta sa na ga maganar ta isa a kawo ta gaban jama'a.

Me ya sa fentin ruwa ke barin guntaye da yawa?

Haɗin fentin ruwa ba shi da wuya: garin launi ne da aka niƙa ya yi laushi, aka cuɗa shi da ƙaro, wani lokaci a ƙara zuma don kada ya tsattsage idan ya bushe. Ƙaron nan kuwa na yankinmu ne, daga itacen ɗakwara da danginsa ake samunsa a Sudan da Chadi da arewacin Najeriya, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Almajirin da ya dama tawadarsa da gawayi da ƙaro ya yi rubutu a allo, da fentin ruwa yake aiki ko da bai san sunan ba. Haka ma mai zayyana allon sauka. Abin takaicin shi ne mu kan sayar da ƙaron a buhu, Turawa su tace shi su cuɗa da launi, sannan mu sake sayensa a 'yan ƙananan mazubai da kuɗin waje. Tun wajajen 1780 William Reeves ya fara sayar da shi a Landan a matsayin 'yan dunƙule busassu. Kamfanin Winsor & Newton kuma ya kafu a 1832, har yau yana cikin waɗanda ɗalibanmu ke jin sunansu suna haɗiyar miyau saboda tsada.

Wannan fenti ba ya yafe kuskure. Mai aiki da fentin mai idan ya ɓata wuri sai ya shafe shi da wani launi a kai, magana ta ƙare. Fentin ruwa kuwa shara-shara ne, abin da ke ƙasa yana bayyana ta cikin abin da ke sama, kuma hasken zanen daga farin takardar kanta yake fitowa. Wurin da ka ɓata ya ɓaci ke nan. Bugu da ƙari, launin yakan ɗan koɗe bayan ya bushe, ba ya zama yadda ka gan shi a jiƙe. Shi ya sa kowane mai zane yake ajiye guntuwar takarda a gefen hannunsa, yana gwada launi a kanta kafin ya kai shi jikin zanen, kamar yadda mai girki take ɗanɗana miya kafin ta sauke tukunya. Daga nan guntaye iri uku suke taruwa: takardar gwaji, gefunan da aka yanke don daidaita zane, da zanen da ya lalace aka yage shi cikin fushi.

Takardar kuwa ba irin ta littafin rubutu ba ce. Mai kyanta da auduga ake yi, nauyinta yakan kai giram 300 a kowace murabba'in mita don kada ta lanƙwashe idan ta sha ruwa, cikakken falle kuma faɗinsa santimita 56 ne, tsawonsa 76. Sanannun masu yin ta, irin su Arches a Faransa da Fabriano a Italiya, sun yi ɗaruruwan shekaru a kan sana'ar. Daga waje ake shigo mana da ita, don haka duk tashin da dala ta yi sai ta tashi tare da ita. Na sha ganin ɗalibai uku sun haɗa kuɗi sun sayi falle ɗaya sun raba. Idan mai karatu ya yi lissafi zai ga falle guda yana ba da guntaye 120 masu santimita 5 a faɗi da 7 a tsawo. Da wannan lissafin sai kwandon Baba ya daina zama shara a idona, ya koma kuɗin makarantar 'ya'yan mutane.

Abin da ido ke tsallakewa

Tsadar takarda kaɗai ba za ta sa guntu ya cancanci firam ba. Abin da ya fi ba ni mamaki da na baje tsintuwata a kan tabarma shi ne, da yawa daga takardun gwajin sun fi zanen da aka yi gwajin dominsa rai. Dalilin kuwa duk malamin zane ya san shi. Ɗalibi idan yana aikin da za a ba shi maki hannunsa a sandare yake. Zai shafa, ya sake shafawa, ya gyara abin da bai ɓaci ba, har launuka su cakuɗe su zama ruwan taɓo. A kan takardar gwaji kuwa ba ya jin tsoron kowa: shafa ɗaya yake yi ya ɗauke hannu, ya bar ruwa ya ƙarasa aikin.

Ruwan kuma yana da ayyukan da hannu ba ya iya yi da gangan sai da wahala. Akwai launukan da ƙwayoyinsu ke da nauyi, irin shuɗin nan mai zurfi da wasu launukan ƙasa, waɗanda ke kwantawa cikin ramukan takarda su ba ta tsakuwa-tsakuwa kamar rairayin bakin kogi. Idan launi biyu suka haɗu a jiƙe sukan shiga juna ba tare da iyaka ba, kamar yadda almuru ke shiga dare. Idan kuma ɗigon ruwa ya faɗa kan launin da ya fara bushewa, sai ya kore shi gefe ya bar alama kamar fure. A cikin babban zane wannan aibi ne da ake rage wa ɗalibi maki a kansa. Idan aka keɓe shi shi kaɗai, sai ya zama abin kallo.

Keɓewar ita ce aikin. Kayan aikinta kwali biyu ne da aka yanka kamar harafin L, a haɗa su su ba da taga mai kusurwa huɗu wadda za a iya faɗaɗa ta ko a tsuke ta. Sai mutum ya riƙa yawo da tagar a kan takardar a hankali, yana juya ta sama da ƙasa, har ya kai inda idonsa ya ƙi gaba. Matsar da ita da faɗin farce kaɗai kan mayar da tabo ya zama tudu da sararin sama. Sannan farin filin da aka bari kewaye da guntun a cikin firam yana yi masa abin da shiru ke yi wa magana: yana sa a saurare shi.

J. M. W. Turner, wanda Ingilishi ke ɗauka a cikin manyan gwanayen fentin ruwa, ya rasu a 1851 ya bar wa ƙasarsa dubban takardu. A cikinsu akwai waɗanda ba su ƙunshi komai ba sai shimfiɗar launi biyu ko uku da ya yi don share fagen wani zane. A zamaninsa ba a lissafa su cikin kammalallun ayyuka ba. Yau gidan adana zane na Tate da ke Landan yana rataye irinsu a bango, mutane suna zuwa musamman don su gan su.

Waɗanda suka riga mu

Yanka takarda mai launi a liƙa ta zama zane yana da tarihi mai tsawo. A 1772 wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Delany, tana da shekara 72 kuma mijinta ya rasu, ta fara yanka 'yan mitsi-mitsin takardu masu launi, waɗanda takan ƙara musu fentin ruwa da hannunta, tana liƙawa a kan baƙar takarda su ba da surar fure. Fure ɗaya kan ci ɗaruruwan guntaye. Cikin kimanin shekara goma, kafin ganinta ya raunana, ta yi 985, kuma kusan dukkansu suna ajiye a gidan tarihi na Birtaniya har yau. Na kan ba ɗalibaina labarinta duk lokacin da ɗan shekara ashirin da biyar ya ce mini lokaci ya ƙure masa.

Henri Matisse na Faransa ya shiga wannan hanya ne ta ƙofar ciwo. Bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa a gaban allon zane ta yi masa wuya, mafi yawan lokacinsa yana kan gado ko keken marasa lafiya. Sai ya sa mataimakansa su riƙa shafe manyan takardu da wani nau'in fentin ruwa mai kauri, shi kuma ya ɗauki almakashi yana yanko siffofi, ana kafa masa su a bango yana cewa a matsar nan a ɗaga can. Sau da yawa yakan yi amfani da siffar da ya yanko da kuma ragowar takardar da ya yanko ta daga ciki. Littafinsa mai suna Jazz ya fito a 1947, a 1953 kuma, shekara guda kafin rasuwarsa, ya kammala aikin da ake kira Dodon Koɗi, wanda kowane gefensa ya kusa mita uku. Lokacin da aka baje waɗannan ayyuka a Landan a 2014, fiye da mutum rabin miliyan suka je kallo.

Kurt Schwitters na birnin Hanoba a Jamus ya fi su kusa da kwandon Baba. Shi a titi yake tsintar kayan aikinsa: tikitin mota, yagaggiyar jarida, takardar naɗe kaya. Gwamnatin 'yan Nazi ta sanya aikinsa cikin abin da ta kira gurɓatacciyar fasaha, ya gudu Norwe a 1937, daga can zuwa Birtaniya a 1940, inda ya rasu a 1948 cikin talauci. Da yawa daga ayyukansa ba su fi katin gaisuwa girma ba, amma yau manyan gidajen adana zane na duniya ne ke riƙe da su.

A nan gida muna da El Anatsui, haifaffen Gana da ya koyar a Jami'ar Najeriya ta Nsukka tun daga 1975. Marafan kwalabe da aka yar yake daddagewa, a ɗinke su da wayar tagulla su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da ke rufe bangon gini. A 2015 aka ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa a babbar baje-kolin fasaha ta birnin Benis. Bruce Onobrakpeya kuma, ɗaya daga matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ya gano salon ɗab'in da ya yi suna da shi ne a 1967, bayan ruwan asid ya lalata masa farantin da yake aiki a kai. Da ya jefar da farantin, da salon ya bi shi cikin shara.

Mu ma ba baƙin wannan hikima ba ne

Bai kamata in kai mai karatu Turai in bar shi can ba, domin Bahaushe ya daɗe da sanin darajar ragowa. Badukun da ya yanka fata ya yi jaka ko sirdi ba ya zubar da guntayen. Da su yake yin adon da ake ɗorawa a kan tumtum da kube da laya, ja a kan kore, kore a kan baƙi. Tela yana da buhun ƙyallaye a ƙarƙashin kekensa, daga ciki ake fitar da hular jariri, da 'yar tsana, da faci. A madafa kuwa tuwon jiya shi ne ɗumamen yau, kuma akwai gidaje da yawa da ake rigima a kan ƙanzo fiye da yadda ake yi a kan malmala.

Ita takarda musamman, kakanninmu sun san tsadarta fiye da mu. Da yawa daga littattafan da malaman Sakkwato da Kano da Borno suka rubuta da hannu a ƙarni na 19, a kan takardar Italiya aka rubuta su, wadda idan ka ɗaga ta ga haske za ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Fatake ne suka ɗauko ta daga Tarabulus suka ratsa Sahara da ita a bayan raƙuma. Wanda ya taɓa duba irin waɗannan rubuce-rubuce a Gidan Arewa da ke Kaduna ya ga yadda ake cika gefen shafi da ƙarin bayani, a karkace da a tsaye, har ba a bar wa fari wuri ba. Takardar da ta yi tafiyar watanni a hamada ba a wasa da ita. Zamanin leda ne ya koya mana cewa abu idan ya gama aikin da aka saye shi dominsa sai juji, alhali addininmu da al'adarmu duk sun yi hani da almubazzaranci.

Yadda ake yi

Wanda ke son gwadawa ba ya bukatar kaya masu yawa. Da farko ya tanadi kwali guda ya riƙa zuba guntayensa a ciki, kada ya yanke musu hukunci a ranar da ya yi su, domin a ranar idonsa yana kan abin da ya so ya zana ya kasa. Bayan makonni sai ya baje su da safe a wuri mai haske, ya bi su da tagar nan ta kwali biyu. Inda ya tsaya sai ya yi alama da fensir, ya yanka da sabuwar reza da rular ƙarfe a kan katako. Wani guntun ya fi kyau a yage shi da hannu, domin yagar tana fito da farin cikin takardar ta yi masa baki mai laushi. Guntayen da ba su isa su tsaya su kaɗai ba ana iya yanka su sirara a jera su kamar saƙar tabarma, ko a ɗora su bisa juna su ba da tuddai, mai duhu a gaba mai haske a baya.

Wajen sa shi a firam ne aka fi yin ɓarna, kuma yanayinmu ba ya rangwame. Takarda tana shan laima da damina ta buɗe, ta tsuke da hunturu. Idan aka shafe bayanta da gam aka manne ta ko'ina, ba ta da wurin motsi, sai ta kumbura ko ta yamutse. Abin da masu adana zane ke yi shi ne su riƙe ta daga sama kawai da 'yan ƙananan takardu biyu marasa kauri da aka shafa wa dafaffen sitacin alkama ko na shinkafa, su bar sauran tana rataye. A guji salatif, domin bayan 'yan shekaru yakan koma ruwan ɗorawa ya bar tabon da ba ya fita. A guji kwalin taliya ko na sabulu a bayanta, domin asid ɗin da ke cikinsa yana ƙona takarda a hankali. Kada gilashi ya taɓa fuskar zanen. A sa kwali mai kauri da aka huda wa taga a tsakaninsu, in ba haka ba laima za ta taru ta haifar da fumfuna. A kuma rufe bayan firam ɗin da takarda ruf saboda ƙura da kyankyasai.

Babban maƙiyin fentin ruwa shi ne rana. Launukan ƙasa suna da juriya, amma wasu jajaye da ruwan hoda, musamman a fenti mai araha na 'yan makaranta, sukan koɗe da sauri. Wani Bature mai tara zane, Henry Vaughan, ya bar wasiyyar zanen Turner guda 38 ga gidan adana zane na Edinbara da 31 ga na Dublin, bisa sharaɗin a riƙa nuna su a watan Janairu kawai, lokacin da hasken rana ya fi rauni a can. Tun 1900 da aka miƙa su ake mutunta wannan sharaɗi, launukansu kuma suna nan garau. Idan ana tsoron ranar Edinbara haka, ina ga ta Kano ko Maraɗi a watan Afrilu? A rataye su a bangon da rana ba ta dukansa.

Ƙorafin abokan aiki

Da na kawo wannan magana a taron sashe, wani babban malaminmu da nake girmamawa ya ce, "Dakta, tsintacciyar mage ba ta mage. Kana so ka koya wa yara cewa haɗari ma gwaninta ne?" Ban raina maganarsa ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Ɗalibin da bai iya zana hannun mutum ko inuwar tulu ba, ba zai zama mai zane don ya iya yanka tabo ya sa a gilashi ba. Akwai kuma haɗarin lalaci: mutum ya riƙa watsa launi da ka, yana jiran sa'a ta yi masa aiki. Kuma ba kowane guntu ne ke da abin faɗa ba. Cikin fiye da hamsin da na kwaso daga kwandon, huɗu kacal na ga sun isa firam, sauran na mayar da su alamar shafi da katin gaisuwa.

Inda muka rabu da shi shi ne a kan ko zaɓe yana cikin gwaninta. Ni ina ganin yana ciki, har ma shi ne rabin sana'ar da muka fi sakaci da koyar da shi. Mai ɗaukar hoto ba shi ya halicci kasuwa ba, amma mun yarda cewa inda ya tsaya da abin da ya bari a wajen hoton su ne aikinsa. Ɗalibin da ya yi sa'a guda yana yawo da taga a kan takarda, yana auna nauyin duhu da haske, yana tambayar kansa me ya sa nan ya zauna can bai zauna ba, darasin tsara zane yake ɗauka, kuma zai koma babban falle da idon da ya fi na da kaifi. Wannan aiki ƙari ne a kan koyon zane na asali, ba ya maye gurbinsa.

Abin da za mu samu

Akwai wata fa'ida da ta shafi yankinmu musamman. Iyaye da yawa a arewa suna ɗari-ɗari da darasin zane saboda maganar malamai a kan surar abu mai rai. Wannan fage ne na ma'abota ilimin addini, ba ni da hurumin yanke hukunci a cikinsa. Abin da zan iya cewa shi ne waɗannan ƙananan ayyuka launi ne zalla da tsari, dangin zayyanar allo da adon soraye, babu surar mutum ko dabba a cikinsu. Ƙofa ce da yaro zai shiga ya koyi launi ba tare da an yi jayayya da mahaifinsa ba.

Sannan a dubi bangon falukanmu. In ba kalandar ɗan siyasa ba, to hoton furen da inji ya buga dubu-dubu a wata ƙasa, alhali mu ne mutanen da iyayenmu mata suka ƙware wajen jeren kwanuka da fayafai a ɗakin amarya, kowanne a mazauninsa. Ƙananan firam tara da aka jera uku-uku a bango wannan jeren ne a sabuwar riga. Ɗalibar da ta iya yin su tana da abin kai wa ƙawarta gudummawar biki, tana da abin sayarwa ta sayi sabon falle, kafintan unguwa ma ya sami ciniki da guntayen katakon da shi ma yake zubarwa.

Saboda haka ina ba sassan koyar da zane a jami'o'i da kwalejojin ilimi shawara uku. A ajiye akwatin guntaye a kowane ɗakin aiki. A ware mako guda a ƙarshen zango da kowane ɗalibi zai fitar da aiki ɗaya daga akwatin, ya kuma sa shi a firam da hannunsa, domin da yawa suna kammala digiri ba su taɓa koyon wannan ba. Abin da ya rage kuma a kai wa makarantun firamare na kusa, inda yara ba su taɓa riƙe takardar auduga ba, bayanta fari ne tas yana jiran hannu.

Sharaɗi guda ne zan ƙara, kuma a jikina na koye shi. A makon farko na sabon zango wata ɗaliba ta shigo ofishina da takardar rajista. Tana jiran in sa hannu sai na ga ta ƙura wa bango ido. Can ta ce, "Malam, wannan ai gefen zanena ne, wanda ka ba ni maki kaɗan a kansa." Na duba littafin maki, gaskiyarta ce. Na ce mata makin yana nan yadda yake, domin zanen bai yi ba, amma wannan kusurwar ta yi, kuma hannunta ne ya yi ta, ni ido kawai na sa. Na sauke firam ɗin na buɗe bayansa, ta rubuta sunanta da fensir, na rubuta kwanan wata a ƙasa. Guntu ko a shara aka tsince shi yana da mai shi, kuma ya kamata a nemi izininsa kafin a rataye, balle a sayar. Ta roƙi in bar mata ta kai wa mahaifiyarta, na ba ta.

Yanzu ƙusa ce kawai a wurin. Baba kuwa ya samo wani kwali ya ajiye a bayan ƙofar ɗakin zane, duk guntun da ya ga yana da launi sai ya jefa a ciki. Jiya da na wuce ya tare ni ya ce, "Dakta, akwai wani kore-kore a sama da na ware maka, ina ga zai yi."